Sharuɗɗan Ɗalibin Bayoloji: Abin Da Za Ku Yi Da Wanda Ba Za Ku Yi Ba

Na daɗe ina koyar da bayoloji a makarantar sakandare, na kuma daɗe ina duba takardun jarrabawa, har idona ya san kuskuren da zai tarar tun kafin in buɗe shafi. Yaro zai zo da sunaye cike da baki, ya rubuta su daidai har harafin ƙarshe, amma ka tambaye shi me ya faru cikin ƙwaryar madarar da ta kwana ta zama nono, sai ya zura maka ido. Abin nan yana ci mini rai, domin yaranmu ba daƙiƙai ba ne, hanyar da suka bi ce ba ta ɓullewa. Saboda haka ga sharuɗɗana. Wanda yake shirin WAEC ko NECO ko JAMB, da wanda ya riga ya shiga jami'a yana kokawa da bayokemistiri, kowa ya riƙe su.

Kada ku haddace abin da ba ku gane ba. Mu mutane ne masu ƙarfin hadda, tun muna riƙe da allo aka hore mu a kanta, kuma baiwa ce babba. Amma kowane ilimi da ƙofar shigarsa. Bayoloji tambaya biyu yake yi kullum: yaya abin nan yake aiki, kuma me zai faru idan aka taɓa wani sashe nasa? Hadda ba ta amsa ta biyun, ita kuwa ce masu shirya jarrabawa suke ɓoyewa cikin tambayoyinsu. Ga ma'aunin da za ku riƙa gwada kanku da shi. Duk darasin da aka yi, ku koma gida ku yi wa Inna ko Kaka bayaninsa da Hausa, ba tare da kun sa Turanci ba sai sunan abin kawai. Inda harshenku ya sarƙe, nan ne ba ku gane ba, nan za ku koma ku karanta.

Kada ku kira komai "ƙwayar halitta". A rediyo da jaridu za ku ji an ɗora wa abubuwa huɗu daban-daban wannan suna guda, kuma ɗalibin da ya shigo aji da wannan ruɗani ya ɓata tun daga zaure. Ku rarrabe su. Sel shi ne ɗan ƙaramin ɗakin rai da aka gina jiki da shi, yadda ake jera tubali a tayar da gida. A cikin sel akwai cibiya. A cibiyar sel ɗin mutum akwai kuromosom 46, 23 daga uwa, 23 daga uba. Kowane kuromosom dogon zaren DNA ne da aka nannaɗe a jikin furotin, kamar zare a mazari. Ƙwayar gado kuwa wani yanki ne na wannan zaren, mai ɗauke da umarnin yadda za a ƙera wani furotin. Umarnin da haruffa huɗu kacal aka rubuta shi, A da T da G da C, ana karanta su uku-uku, kowane uku suna nuna amino asid guda. Amino asid iri 20 ne, su ake jerawa kamar 'ya'yan carbi su ba da furotin. Ku riƙe wannan jeri da kyau, za mu dawo kansa, kuma za ku ga yadda harafi ɗaya yake juya rayuwar gida guda.

Haka nan "ƙwayar cuta". Kada ku zuba su duka a buhu ɗaya. Bakteriya halitta ce mai sel ɗaya, tana da bango, ba ta da cibiya, tana ci tana hayayyafa da kanta. Irinta ne ke kawo taifot da kwalara da tarin fuka. Bairos ko sel bai kai ba, ɗan guntun umarnin gado ne cikin kwanson furotin, ba ya hayayyafa sai ya kutsa cikin sel ɗin wani. Mura da ƙyanda da shan inna aikinsa ne. Zazzaɓin cizon sauro kuma wata halitta ce dabam mai cibiya ke kawo shi, Plasmodium, macen sauron Anopheles ke ɗauko ta, ta fara sauka a hanta kafin ta faɗa jajayen sel na jini. Kada in ƙara ganin an rubuta mini cewa sauro ne cutar, ko zafin rana, ko ɗanyen mangwaro. Wannan rarrabewa tana da amfani har a kemis. Fenisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a Landan a 1928, hana bakteriya gina bangonta yake yi har ta fashe. Sel ɗinmu ba su da irin wannan bango, shi ya sa ba ya fasa su. Bairos ma ba shi da shi, shi ya sa kafso irin fenisilin ba ya yi wa mura komai. Kada ku saya don mura, kuma idan likita ya rubuta muku ku sha yadda ya ce. Duk shan da aka yi ba bisa ƙa'ida ba yana kashe bakteriya masu rauni ya bar masu taurin kai su cika wuri, ranar da ake buƙatar maganin da gaske a tarar ya daina ci.

Ku gani da idonku. A 1665 Robert Hooke na Ingila ya yanki ɓawon bishiya siriri ya sa a ƙarƙashin maikuroskop, ya ga 'yan ɗakuna jere, daga nan sunan sel ya samo asali. Antonie van Leeuwenhoek kuwa mai sayar da yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, bai yi jami'a ba, da hannunsa yake goge gilasansa, da su ya ga ƙananan halittu suna iyo cikin ɗigon ruwa da cikin dattin haƙorinsa. To ku me zai hana ku? Ku ɓare siririyar fatar cikin albasa, ku shimfiɗa a gilashi, ku ɗiga aidin, ku leƙa. Idan maikuroskop ɗin makarantarku guda ne kuma yana kulle a sito, ku haɗu ku je wurin malami cikin ladabi, ku yi ta komawa har a buɗe. Gani ya kori ji.

Kada ku ce "kowane" ko "dukkan" sai kun tabbata. Kun haddace cewa sel ɗin dabba yana da cibiya, alhali jan sel na jinin mutum idan ya nuna ba shi da ita.

Ku shiga madafa, domin can ne ɗakin gwajin bayokemistiri mafi kusa da ku. Ku tsaya kan mai kunun zaƙi ku lura. Tana dama gasara da tafasasshen ruwa ta yi kauri, ta bar ta ta ɗan huce, sannan ta zuba ragowar ɗanyen ƙullun da aka niƙa da busasshen dankali ko tsiron hatsi, ta rufe ya kwana. Da safe kaurin ya saki, zaƙi ya fara fitowa tun ba a sa sukari ba. Me ya faru? Sitacin gero doguwar sarƙa ce ta gulukos, kuma muddin tana haɗe harshe ba ya jin zaƙinta. A cikin dankali da tsiro akwai wani enzayim mai suna amiles, aikinsa datse wannan sarƙa gunduwa-gunduwa zuwa ƙananan sukari. Tafasasshen ruwan farko shi ya kumbura sitacin ya buɗe shi yadda amiles zai samu wurin kamawa. Jiran da ta yi ya huce kuwa shi ya tsirar da amiles ɗin, da ta zuba cikin tsananin zafi da ya lalace. Matar nan ba ta taɓa jin sunan amiles ba, amma ta san zafin da yake so fiye da ɗaliban da suka zana mini jadawalinsa. Akwai ɗan'uwansa a yawunku. Ku sa guntun gurasa a baki ku yi ta tauna ba ku haɗiye ba, za ku ji zaƙi yana ƙaruwa.

Kada ku rubuta cewa zafi ya "kashe" enzayim. Abin da ba shi da rai ba a kashe shi. Enzayim furotin ne da ya naɗe kansa ya ba da wata siffa, kuma siffar ce ke aiki, yadda makulli ba ya buɗe kowane kwaɗo sai nasa. Yana gaggauta aikin, ba ya ƙarewa a cikinsa. Zafi mai yawa yana warware naɗin, siffa ta ɓaci, aiki ya tsaya. Farin ƙwai ya isa misali, da zarar ya dahu babu mai mayar da shi ruwa. Sanyi kuma rage masa gudu kawai yake yi, dalilin da ya sa miya take daɗewa a firij ke nan, ta kuma lalace idan aka ɗauke wuta. Tsami ma yana taɓa siffar. Fefsin na cikin ciki yana aikinsa a tsamin da ya kai pH 2, wurin da amiles na yawu yake tsayawa cak. Ku haɗa wannan da insulin, wanda aka fara fitarwa a Toronto ta Kanada a 1921. Insulin homon ne, kada ku sa shi cikin enzayim, amma shi ma furotin ne. Da mai ciwon sukari zai haɗiye shi da ciki ya narkar da shi kamar tsokar nama, shi ya sa ake yin sa da allura.

Ku bi sauran tukwanen haka. Mai kindirmo tana zuba ɗan tsohon nono cikin dafaffiyar madara, wato ta shuka bakteriya. Su kuma su mayar da sukarin madara asid, asid ɗin ya daskarar da furotin. Warin daddawa aikin bakteriya ne da ke farfasa furotin ɗin kalwa har amoniya ta tashi. Rogo mai ɗaci yana ajiye wani sinadari a gefe, enzayim ɗin da ke sakin gubar sayanayid daga cikinsa a wani gefe, gurzawa ke haɗa su, jiƙawa da matsewa da suya ke korar gubar. Kada ku bari a gajarta wannan aiki a gidanku don sauri.

Kada ku ce "gishiri ya jawo ruwa" ku yi shiru, a ce kun yi bayanin osmosis. Abu uku nake so in gani: me ke tafiya, daga ina zuwa ina, ta cikin me. Ruwa ne ke tafiya, daga inda aka narka abu kaɗan zuwa inda aka narka da yawa, ta cikin tantani mai zaɓen abin da zai wuce. Ku yanka dankalin Turawa gida biyu daidai, ɗaya a ruwa zalla, ɗaya a ruwan gishiri mai kauri, ku dawo bayan awa guda. Na farko ya yi ƙarfi, na biyu ya yi laushi. Manomin da ya tula takin zamani a gindin masara ya ce taki ya ƙone ta, wannan ne ya same shi, ruwa ya fita daga saiwa ya koma ƙasa. Ruwan da ake ƙara wa marar lafiya a asibiti yana da gishiri kashi 0.9 cikin 100, domin da zalla ne da jajayen sel sun sha sun fashe. Ruwan gishiri da sukari na mai gudawa ya ɗan fi wannan zurfi: bangon hanji yana da wata ƙofa da ke shigar da gulukos da sodiyam tare, ruwa ya bi bayansu ya shiga jiki. Don haka ake haɗa biyun. Ku narka ƙunshin gishiri da sukarin a daidai yawan ruwan da aka rubuta a jikin ledarsa, kada ku ƙara sukari don yaro ya ji daɗin sha, yawan sukari janyo ruwa yake yi zuwa cikin hanji, gudawar ta ƙaru.

Kada ku ce shuka ƙasa take ci. A ƙarni na 17 Jan van Helmont ya dasa ƙaramar bishiya a tukunya, ya auna ƙasar, ya yi shekara 5 yana ba ta ruwa kawai. Bishiyar ta ƙara nauyin kusan kilo 74, ƙasar kuwa abin da ta rage bai kai giram 60 ba. Shi ya ɗauka ruwa ne kaɗai, rabin amsar ya samu. Ragowar na cikin iska. Ganye yana kama kabon dayoksaid, ya haɗa da ruwa da ƙarfin hasken rana wanda kulorofil ya tare, ya ƙera sukari, ya saki oksijin, kuma oksijin ɗin daga ruwan yake fitowa. Itacen da ake girki da shi da gawayin da ake guga da shi, akasarinsu iska ce da ganye ya kama. Taki ma'adinai yake bayarwa, abincin kuwa shukar ce ke dafa abinta. Kada kuma ku haɗa numfashi da resfireshon. Numfashi aikin ƙirji ne da huhu. Resfireshon a cikin sel yake faruwa, inda ake farfasa gulukos a tara ƙarfinsa a sinadarin ATP, mafi yawan aikin a mitokondiriya. Shuka ma tana yin sa dare da rana. Masu rubuta mini cewa da dare kawai take yi, su daina. Ku sa hannu cikin hatsin da aka tara da danshi ku ji ɗumi, resfireshon ne na ƙwayar hatsin da funfunar da ta kama shi. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ake ajiye wake, idan aka ɗaure shi tsam, ƙwarin da ke ciki suna shanye ɗan oksijin da ya rage su mutu, ba tare da an zuba guba a abincin mutane ba.

Ku tumɓuke wake ko gyaɗa ku duba saiwar. Ƙulli-ƙullin da za ku gani gidajen bakteriya ne masu kama naitirojin daga iska su mayar da shi abin da shuka za ta iya sha. Kashi 78 cikin 100 na iska naitirojin ne, amma gero ba ya iya taɓa shi haka. Kakanninmu da ke haɗa gero da wake a gona guda sun san abin da suke yi.

Yanzu ga wurin da ba na sassauta wa kowa. Kada ku karanta darasin gado kamar labarin wake a lambun Gregor Mendel, wanda ya wallafa sakamakonsa a 1866, ku rufe littafi. Darasin nan a gidajenmu yake kwana. Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da sikila, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar yana ɗauke da S, ƙwayar gadon sikila. Ku san abin daga tushe. Himogulobin shi ne furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin cikin jan sel, sarƙa huɗu gare shi, alfa biyu, beta biyu. Sarƙar beta amino asid 146 ce. A ƙwayar gadon da ke kuromosom na 11, harafi ɗaya ya sauya, GAG ya koma GTG, sai amino asid na 6 ya tashi daga gulutamik asid ya zama balin. Ɗan carbi ɗaya cikin 146, shi ke raba himogulobin S da na asali, wato A. Linus Pauling ya nuna a 1949 cewa himogulobin ɗin ne ya bambanta, Vernon Ingram ya gano ainihin sauyin a Kambirij a 1957. Gulutamik asid yana shiri da ruwa, balin ba ya shiri da shi, don haka idan oksijin ya yi ƙasa sai himogulobin su manne da juna su zama dogayen sanduna, su lanƙwasa sel ya koma kamar lauje. Sel mai wannan siffa yana maƙalewa a ƙananan hanyoyin jini, daga nan azabar ciwon ƙashi take. Jan sel lafiyayye yana kai kwana 120, shi kuwa tsakanin 10 da 20 yake mutuwa, daga nan ƙarancin jini da rawayar ido. Duk wanda ya iya bin wannan daga harafi zuwa furotin, zuwa sel, zuwa yaron da ke kwance yana kuka, ya fahimci bayokemistiri. Ku iya shi a zaune da tsaye.

Idan AS da AS suka yi aure, yiwuwar samun SS a kowane ciki ɗaya ce cikin huɗu. Kada ku fassara "ɗaya cikin huɗu" da cewa ɗa na huɗu. Wata tsohuwar ɗalibata, mai ƙoƙari ƙwarai, ta zana mini jadawalin AS da AS babu kuskure, ta ci jarrabawa da kyau. Bayan shekaru, ita ma AS ce, ta auri AS tana sane, da lissafin cewa za su tsaya a 'ya'ya uku su tsira. Ɗanta na fari SS ne. Ranar da ta zo mini da shi a goye na gane cewa na koya mata zane ban tabbatar ta fahimci ma'anarsa ba, kuma tun daga ranar na sauya yadda nake koyar da shi. Kowane ciki ƙuri'arsa sabuwa ce, ba ruwansa da na baya. Ku gwada da hannunku. Ku samu jaka biyu, ɗaya uwa ɗaya uba, kowace ku zuba farin wake 10 da jan wake 10, fari A, ja S. Ku rufe ido ku zaro ɗaya daga kowace, ku rubuta, ku mayar, ku girgiza, har sau 100. Jimillar ja da ja za ta zo kusa da 25, amma za ku ga wurin da suka fito sau biyu ko uku a jere. Idan AS da AS suka haifi huɗu, yiwuwar a samu aƙalla SS guda ta kai kusan kashi 68 cikin 100. Ku yi lissafin da kanku ku gani.

Ku san naku. Kada ku ce "ni O ne" idan an tambaye ku jinotayif. A da B da AB da O rukunin jini ne, alamomi ne a bayan jan sel, su ake dubawa wajen ƙarin jini. AA da AS da SS labarin himogulobin ɗin da ke cikinsa ne. Ku tuna akwai C ma, wanda ya fi yawa a arewacin Ghana da Burkina Faso, kuma S da C idan suka haɗu cuta ce. Ku nemi gwajin elektiroforesis a wurin da aka amince da shi, kada ku yi shi jim kaɗan bayan ƙarin jini, kuma ku yi tun zuciya ba ta kamu ba. Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, amma ɗalibin kimiyya bai kamata ya jira sai an kai kuɗin gaisuwa ba. Idan kuna mamakin yadda S ya yawaita a ƙasashenmu, Anthony Allison ya nuna a 1954, daga aikinsa a Gabashin Afirka, cewa mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Kariyar ba cikakkiya ba ce, mai AS ma ya shiga gidan sauro.

Kada ku tsangwami mai sikila a ajinku. Kada ku ce iska ce ko maita, kada ku yanke masa kwanaki, da yawansu suna girma su yi karatu su yi iyali. Kun riga kun san abin da ke lanƙwasa sel ɗinsa, saboda haka ku tuna masa da shan ruwa, ku ba shi wuri nesa da taga lokacin hunturu, idan zazzaɓi ya kama shi a kai shi asibiti a ranar. Shugabannin ɗalibai, kada wanda ya sa shi tsallen kwaɗo.

Kada ku yi shiru idan ana zargin mace da haihuwar 'ya'ya mata. Ƙwan uwa kullum X yake ɗauke da shi. Maniyyin uba ne wani X wani Y, wanda ya riga isa shi ke nuna mace ko namiji, kuma uban ma ba shi da iko a kan wanda zai riga. Kyauta ce ta Allah. Ku faɗe shi da ladabi a gaban manya, amma ku faɗa.

A ɗakin gwaji, ku rubuta abin da kuka gani. Aidin yana mayar da sitaci shuɗi mai duhu kusan baƙi. Ruwan Benedict idan aka ɗumama shi da gulukos yana komawa ja kamar jan bulo, amma sukarin shayi ba ya sauya shi sai an fara tafasa shi da asid. Gwajin Biuret yana ba da shunayya idan akwai furotin. Idan naku bai ba da launin littafi ba, ku rubuta wanda ya bayar ku nemi dalili. Ƙirƙiro sakamako ƙarya ce, kuma mai yin ta a aji zai yi ta gobe a kan jinin marar lafiya. Kowane gwaji ku ajiye masa na kwatance a gefe, wanda aka cire masa abu ɗaya tak. Kada ku zuƙi sinadari da baki. Asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid. Bakin kwalbar gwaji kada ya kalli kowa idan tana kan wuta. A tattare hijabi da hannun riga kafin a kunna wuta. Idan za ku cire koren ganye da sifirit, a cikin ruwan zafi ake tsoma kwalbar, ba a ɗora ta kan harshen wuta.

Zane da fensir mai tsini, layi ɗaya mai tsabta, babu shafe-shafen inuwa. Layukan suna da rula, kada su gitta juna. A sa take, a sa sau nawa aka girmama. Sunan kimiyya kamar Plasmodium falciparum, kalmar farko da babban harafi, ta biyu da ƙarami, a ja wa kowace layi a ƙasa. Lamba kuma kada ta zo tsirara, a faɗa ko giram ne ko milimita.

Ranar Litinin kowa ya zo mini da abu uku: tushen wake ko gyaɗa da saiwarsa ba a wanke ƙulli-ƙullin ba, takardar da ya rubuta zarar wake 100, da sakamakon jinotayif ɗinsa a rufe cikin ambulan. Ambulan ɗin ba zan buɗe ba, ba kuma zan bar wani ya buɗe ba. Tambaya ɗaya zan yi wa kowa a keɓe, ya gaya mini waɗanne irin 'ya'ya zai iya haifa idan ya auri AS.